Abin Da Sinawa Suka Yi Da Filafili Ɗaya

 Da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa a mujallar bana, niyyata in yi rubutu a kan noman albasa, don shi na tashi na tarar ana yi a gidanmu, shi kuma na fi sani. Amma akwai wani abu da ya faru a zangon karatun da ya wuce wanda ya hana ni sakat, na ga in ban faɗa a nan ba, ban san inda zan faɗa ba. Kowa ya san an ɗauke lokacin ƙungiyar wasan kwaikwayo na yammacin Laraba, an mayar da shi na ƙarin darasi saboda jarrabawa. Ranar da aka yi sanarwa a wajen taron safe ba wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce ba. Wasu iyayen ma da suka ji labari cewa suka yi gara haka, da ma shiririta ce. To, ni yanzu ina ganin kuskure muka yi, mu duka, kuma abin da ya buɗe mini ido daga nesa ƙwarai ya zo, daga ƙasar Sin.

Ga yadda aka yi. Muna cikin darasin adabi, an zo kan wasan kwaikwayo, sai malaminmu na Hausa ya shigo da kwamfutarsa, ya ce yau zai nuna mana wasan Sinawa. Aji ya kaure da murna, don mun ɗauka fim ɗin Caina ne, irin wanda mutum ɗaya ke tashi sama ya kakkarya mutum talatin. Da aka kunna sai muka ga dandamali fayau, ba kome a kansa. Can sai ga wata yarinya ta fito da doguwar riga, tana magana da wata siririyar murya kamar ta mage. Muka fashe da dariya. Sai ga wani tsoho da farin gemu har ƙirji, da malafa, yana riƙe da filafili. Shi ke nan kayan wasan, filafili ɗaya. Ba jirgi, ba ruwa, ba ko zanen kogi a bango.

Malam ya ce mu yi shiru mu dubi ƙafafunsu. Labarin dai gajere ne. Yarinyar tana sauri ne ta cim ma wani jirgi da ya riga ya tashi da wanda take so, shi kuwa tsohon mai fito ne, ga shi da ba'a, yana ta ja mata rai a kan kuɗin fito. Ya miƙa mata kan filafilin ta kama, ta ɗaga ƙafa ta shiga jirgin da babu shi. Tana sa ƙafa sai ta nutsa ƙasa kaɗan, shi kuma tsoho ya yi sama, sa'an nan shi ya yi ƙasa ita ta yi sama, daidai yadda kwalekwale ke yi in mutum ya taka gindinsa. Ya kwance igiya, ya tokare gaɓa, suka fara tafiya da 'yan ƙananan taku, jikinsu na lilo tare. Suka shiga wurin da ruwa ke juyi, suka kewaya, ta kusa faɗawa. Jama'a, mu da muka tashi a bakin Kwara, wasunmu tun ba su shiga firamare ba suke tuƙi, sai ga aji ya yi tsit. Wanda ke zaune kusa da ni, ɗan Sarkawa ne, ban san lokacin da ya dafe benci ba. Da aka gama ya ce, "Wallahi na ga ruwa."

Sunan wasan da Sinanci Qiujiang, Malam ya ce ma'anarsa Kogin Kaka, watau kogi a lokacin kaka. Wani yanki ne da aka ciro daga wani dogon wasa da aka rubuta fiye da shekara 400 da suka wuce, har yau kuma ana yin sa. Daga baya na yi ta bincike a kan irin wannan wasa, wanda ake haɗa waƙa da magana da rawa da alkafura a cikinsa, na tarar ashe duk haka tsarinsa yake. Yawanci abin da ke kan dandamali bai wuce tebur ɗaya da kujera biyu ba. In ɗan wasa ya riƙe bulala mai tuntaye, to a kan doki yake, in ya miƙa ta ga wani, ya sauka ke nan. In ya kewaya dandamali sau ɗaya, ya yi tafiya mai nisa. Mutum huɗu da tutoci su ne rundunar yaƙi. Fuska ma magana take yi: wanda aka shafa wa ja amintacce ne, mai baƙi tsayayye ne da ba ya tsoron faɗin gaskiya, mai fari fat kuwa maci amana ne. 'Yan kallo duk sun san wannan tun suna yara, ba sai an yi musu bayani ba. Akwai mai wani ɗan goge mai tsirkiya biyu da ke bin muryar mai waƙa, da mai ɗan ganga wanda shi ke jan ragamar kowa, kamar yadda makaɗi ke yi wa 'yan dambe.

Da aka ba da hutu na roƙi yayana ya samo mini wasan a wayarsa, na kai wa kakata, wadda ta haifi babanmu. Na ce, "Kaka, zo ki ga kogin da aka sa wa sunanki." Ta ce, "Kai maigidan, wane kogi gare ni kuma? Nawa ai yana ƙarƙashin tafki." Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido. Ban fassara mata kome ba, don ni ma ba jin Sinancin nake yi ba. Amma kafin a yi nisa sai ga ta tana ba ni labari. Ta ce yanzu ya tura jirgi. Ta ce yanzu suna bin ruwa ne, dubi ba ya wahala. Ta ce ita yarinyar ba ta taɓa shiga jirgi ba, dubi yadda ta ƙame gwiwa. Da suka zo wurin juyin ruwa sai ta ce wa tsohon, da ƙarfi, kamar yana jin ta, "Danna hagu mana!" Da aka gama ta mayar mini da waya, ta ce wannan tsoho ko dai ɗan ruwa ne, ko ya daɗe yana kallon 'yan ruwa.

Sa'an nan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta jawo muciya, ta gyara zama a kan tabarma, ta ce bari in nuna maka yadda mu muke yi. Ta fara tuƙi tana waƙa da Gunganci, muciya na sauka daidai da gaɓar waƙa. Ta ce wannan ita ce wadda suke yi in sun ɗauko albasa daga gungu za su kasuwar Yelwa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, don hannuwa su zo daidai. Ta yi baiti biyu, ta shiga na uku, sai ta tsaya. Ta sake farowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta ce yayarta ce mai bayarwa, ita amshi kawai take yi. Yayar tata kuwa shekara shida ke nan da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ta ajiye muciya ta ce in je in ɗebo mata ruwa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ko baiti biyun da ta yi, ban gane rabin kalmomin ba. Ni jikan Gungawa ne, amma Gungancina bai wuce gaisuwa da sunan kifi ba, haka kuma yawancin sa'o'ina suke.

Don 'yan ƙananan aji da ba su san abin da take nufi da ƙarƙashin tafki ba, bari in ɗan koma baya. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da aka toshe Kwara ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohon garin Busa da gungaye masu yawa da garuruwan bakin gaɓa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa aka mayar da su sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, don su a tsakiyar ruwan suke. Kakata tana 'yar budurwa aka kwashe su. Ba cewa nake yi madatsar ba ta yi amfani ba. Ta ba ƙasa wutar lantarki, ko da yake mu maƙwabtanta sai ta ga dama take leƙo mu, kuma tafkin ya jawo masunta daga wurare da yawa, kasuwar kifi ta bunƙasa. Amma gwamnati ta iya gina wa mutane ɗaki, ba ta iya ɗauko musu dandalinsu da mashigin da suke waƙa a kai ba. Bayan haka injin ya zo ya hau bayan jirgi. Wa zai yi waƙar tuƙi injin na ruri?

A nan ne na fara tambayar kaina, me ya sa wasan tsoho mai fito ya yi ɗaruruwan shekaru bai ɓace ba, waƙar kakata kuwa ta gutsure tun mai ita tana da rai? Ba don nasu ya fi namu daɗi ba ne. Ni dai har yanzu in aka ce in zaɓa tsakanin wannan siririyar murya da kalangu, kalangu zan ɗauka. Amsar da na samu ita ce, su sun mayar da abin karatu. Wasan da ake kira na Bejin ya samo asali ne daga 1790, lokacin da ƙungiyoyin 'yan wasa daga lardin Anhui suka zo babban birni don bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80. Tun daga nan ba a bar shi ga sa'a ba. Akwai makarantu na musamman, kamar wadda aka kafa a Bejin a 1904 da ta shahara da sunan Fuliancheng, inda ake ɗaukar yaro ƙarami ya yi shekara bakwai. Da asuba a fita da shi ya buɗe murya, da hantsi alkafura da miƙa ƙafa, da yamma haddar waƙa da magana. Kowane motsi yana da suna, yana da yadda ake yin sa, malami ya koya wa almajiri, almajiri ya girma ya koya wa wani. A 1950 gwamnatinsu ta kafa makarantar wannan fanni a Bejin, wadda yanzu babbar kwaleji ce da ake ba da digiri. Shi kansa Jackie Chan da muke rububin kallo, ba a filin faɗa ya koyi tsalle-tsallen nan ba. A wata makarantar irin wannan wasa ya koya a Hong Kong, ya shiga yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka, ya yi shekara goma.

Kada a ce na mayar da Sinawa mala'iku. A tsofaffin makarantun nan dukan da ake yi wa yara ya wuce hankali, Jackie Chan da bakinsa ya sha ba da labari, ba kuwa abin da za mu yi sha'awa ba ne. Har wa yau su da kansu sun taɓa kusa kashe abin. Daga 1966 zuwa 1976, zamanin da suke kira juyin juya halin al'adu, an hana tsofaffin wasannin, aka wulaƙanta manyan 'yan wasa, aka bar wasu 'yan ƙalilan sababbi na siyasa. Amma da aka ɗage hanin, sai aka tarar akwai tsofaffin da abin ke cikin jikinsu, suka tara yara suka ci gaba daga inda aka tsaya. Da ba a koyar da su tun farko ba, da shekara goman nan ta isa ta share kome. Yau ma samarinsu sun fi son waya da fina-finai, kamar mu. Shi ya sa a 2008 ma'aikatar ilminsu ta gwada sa wasan Bejin cikin darasin kiɗa a makarantu 200 na firamare da sakandare a larduna 10, da waƙoƙi 15 da aka zaɓa. An yi ta gardama a kai. Wasu suka ce waƙoƙin siyasa sun yi yawa a ciki. Mutanen wasu larduna suka ce mu ma muna da irin namu wasan, don me za a ɗora wa 'ya'yanmu na Bejin? Ni wannan gardamar ma burge ni ta yi. Mutane ne ke faɗa a kan wace waƙa za a koya wa yaro a aji. Mu kuwa an ɗauke lokacin ɗungum, ko tari ba a yi ba.

Abin haushin shi ne, wannan dabara ta filafili ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku tuna da tashe cikin azumi. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya, ya ɗauki sanda yana rawar jiki, kowa ya san tsoho ne, ba mai cewa ina furfurar gaske. Mai yin Jatau Mai Magani 'yan ƙulle-ƙullen tsumma da saiwoyi kawai yake baza wa, gida ya zama kasuwa. 'Yan kama da rawani da 'yar sanda suke zama malaman tuwo. A wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, a kalankuwa samarin ƙauye ke naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan mata da 'yar tsana ta kara suke ɗaura aure har da kai amarya. Duk wannan wasan kwaikwayo ne, tun kafin a zo da allo da alli. Da boko ya zo ma, a makarantu aka fara rubuta shi. Wasan Marafa na Abubakar Tunau don koyar da tsabta aka yi shi. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni yana sukar zalunci da su. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina iyayenmu da yawa sun karanta su a aji, wasu ma sun hau dandamali da su. Ku tambaye su, za ku ga fuskarsu ta saki.

Na san abin da iyaye za su ce, don babana ya riga ya faɗa mini. Ya ce, "Kai, na kai ka makaranta ne ka zama likita ko ka zama ɗan kama?" Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, a jarrabawar Hausa da za mu rubuta akwai tambaya a kan wasan kwaikwayo, akwai a kan adabin baka da al'adu." Yanzu haddace su muke yi kamar lissafi: kawo ire-iren wasannin gargajiya guda biyar. Mu jero su, a ba mu maki, alhali wani a cikinmu bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Wanda ya tsaya ya zama Jatau na minti goma ba zai manta da shi a ɗakin jarrabawa ba. Ban da wannan, akwai yara a ajinmu masu ƙwaƙwalwa ƙwarai waɗanda in aka ce su tashi su yi magana gaban mutum ashirin sai gumi ya karyo musu. Likitan da ba ya iya buɗe baki ya yi wa majiyyaci bayani, ina amfanin karatunsa? Na ga yaron da ke in'ina, aka ba shi matsayin sanƙira a wani wasa da muka yi muna aji ɗaya, ya yi wata guda yana maimaitawa a bayan ɗakin kwana, ranar wasa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sa'a biyu ce fa a mako. Wadda muke ɓatawa a kan waya a rana ɗaya ta fi haka.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta tarbiyya, ba kuma zan yi wasa da ita ba. Iyaye suna tsoron cakuɗuwar maza da mata, da rawar da ba ta dace ba, da yaro namiji ya ɗaura zane ya yi rangwaɗa. Suna da gaskiya su ji tsoro, don sun ga abin da ake yi a wasu fina-finai da wuraren biki. A Sin ma da can maza ne ke fitowa a matsayin mata, saboda an daɗe ana hana mata hawa dandamali, har wanda ya fi kowa shahara a cikinsu, Mei Lanfang, wanda ya kai wasan Amurka a 1930, a matsayin mace ya yi suna. Wannan al'adarsu ce, ba dole mu ara ba, su ma yanzu mata ne suka fi yin matsayin mata. Abin da zan ce kawai shi ne, soke ƙungiya bai hana kowa rawa ba. Ya dai raba ta da idon malami ne. Wanda yake so ya yi, yana yi a waya, yana kwaikwayon abin da ba wanda ya tace. In a makaranta ne, malami zai karanta wasan kafin a yi, a ware na 'yan mata daban in an ga dama, a gayyaci iyaye su zauna a sahun gaba. Wanda ya ga abin da bai gamshe shi ba ya tashi ya faɗa.

Kuɗi kuwa, ai shi ne tsoho mai fito ya riga ya amsa. A da in za mu yi wasa sai mu ce ba labule, ba fitila, ba lasifika, a fasa. Ashe filafili ɗaya ya isa, a garin nan kuwa wane gida ne za a rasa shi?

Akwai kuma wani dalili da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci tun 1971, rediyonsu kuwa tun 1963 yake magana da Hausa. Suna da cibiyar al'adu a Abuja, suna da cibiyoyin koyar da Sinanci a jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, a wasu makarantun sakandare na gwamnati a Abuja ma an buɗe ɗakuna na musamman inda yara ke koyon harshensu da al'adunsu. A 2025 aka ba da sanarwar an sa Sinanci cikin harsunan waje da ɗan babbar sakandare zai iya ɗauka. Ni ba na ƙin wannan, in ya iso Yawuri ma ina cikin masu rubuta suna. Amma ku auna ranar da za a kai ɗan makarantar nan wani taro, yaran Sin su yi nasu, sa'an nan a juyo a ce, to ku fa, me ake yi a garinku? Ya tashi ya yi musu rawar mafici da ya koya daga gare su? Zanen aro ba ya rufe katara. Su ba su zo da nasu don sun rasa abin yi ba, sun san wanda aka san wasansa ana ganin girmansa. Hukumar UNESCO ta sa wasan Bejin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2010. A 2016 ta sa bikin kamun kifi na Argungu, nan cikin jiharmu. Ashe ba a raina namu ba a can.

Wani zai ce ai muna da Rigata. Gaskiya ne, ranar da aka yi ta bakin kogi a Yelwa ba masaka tsinke, ga tseren jirage, ga ninƙaya, ga kaɗe-kaɗen Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Lopawa, manya kuma suna cewa asalinta daga jarumtar mutanen gungu ne wajen tunkarar dorina. Amma biki nuni ne, ba makaranta ba. Ku dubi masu kiɗa da masu bayar da waƙa a wurin, ku ƙirga masu furfura. Mu 'yan makaranta muna gefe muna ɗaukar hoto. In ba a koya wa wani tsakanin Rigata da Rigata ba, wata rana za a kafa rumfa a jera kujeru, a rasa mai shiga fili. A nan kuma ya kamata mu ɗauki darasi daga gardamar da Sinawa suka yi. Kada ƙungiyar ta zama ta Hausa kaɗai don ita ce kowa ke ji. A ajinmu akwai ɗan Ngaski, akwai ɗan Shanga, akwai 'yan Wara da Zamare da Bin Yawuri. Kowa ya je hutu ya dawo da abu ɗaya daga bakin tsohuwar gidansu, da harshen da aka yi shi, a rubuta, a ɗauka a waya, a fassara wa saura.

Har na fara tunanin wasan da za mu fara da shi. Ba wanda ya manta da ranar 26 ga Mayu, 2021, da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, waɗanda aka ceto kuwa ba su wuce kimanin ashirin ba. Hukuma ta ce lodi ne ya yi yawa. An yi ta wa'azi a rediyo a kan lodi da rigar ruwa, amma ku je mashigi ranar kasuwa ku gani. To, a ce mu fito fili da filafili ɗaya. Mai jirgi ya tsaya, fasinja na shiga ɗaya bayan ɗaya, da buhu, da akuya, da babur, kowa ya shiga sai duk mu ƙara nutsawa ƙasa kaɗan, mai jirgi na cewa saura mutum ɗaya. Mutane za su yi dariya da farko, kamar yadda muka yi wa yarinya mai muryar mage. Sa'an nan wata tsohuwa ta ƙi shiga, a yi mata ba'a, jirgi ya tashi ya bar ta a gaɓa. Ba sai mun nuna abin da ya biyo baya ba, mutanen ƙasar nan sun san shi. In muka iya shi sosai, ba a zauren makaranta kaɗai za mu yi ba, har bakin mashigi za mu kai shi, in hukumar makaranta ta yarda. Sai dai ba a iya shi da wasa. Kafin mutum goma su yi lilo tare har mai kallo ya ga ruwa, sai an yi makonni ana maimaitawa, a nan ne kuma za a gane ko 'yan ƙungiya shiririta suka zo yi.

Roƙona ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, cikin ladabi, shi ne a mayar mana da yammacin Laraba, ko da 'yan ajin ƙarshe za a cire saboda jarrabawarsu. A bar mu mu gayyato tsofaffi daga gari sau ɗaya a wata, masu tuƙi da makaɗa da masu tatsuniya, a ba su kujera a gaban aji kamar kowane malami, a ɗan ba su na goro. A ba mu kabad ɗaya a ɗakin karatu da za mu riƙa ajiye abin da muka rubuta, don 'yan baya su tarar. In an yi zango biyu aka ga sakamakonmu ya faɗi, a sake ɗaukewa, ba zan ce kome ba.

Na riga na yi wa Kaka maganar kafin in dawo. Da farko ta ce ita ba ta shiga makarantar boko da yarinta ba, ba za ta shiga da tsufa ba. Da na matsa sai ta ce akwai wata ƙawarta da suka taso gungu ɗaya, tana zaune wajen 'yarta a wani ƙauye ta hanyar Wara, wataƙila ita ta riƙe baiti na uku. Ta ce in Malam ya sa rana a faɗa mata da wuri ta aika a kira ta, kuma a turo mai babur ya ɗauke su, don gwiwarta ba ta kai ta ƙofar makaranta.